Gyaran Gida Da Kuɗin Haraji: Abin Da Ya Faru A Italiya

A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni da masana'antu a Italiya, gwamnatin Firaminista Giuseppe Conte ta fito da wani tsari da ba a saba jin irinsa ba. Ta ce duk wanda ya gyara gidansa yadda zai rage shan wuta da iskar gas, za a yafe masa harajin da ya kai kashi 110 cikin 100 na abin da ya kashe. Ba kuskuren rubutu ba ne. Ka kashe Yuro 100, gwamnati ta mayar maka da 110. Sunan tsarin Superbonus, kuma har yau baitulmalin ƙasar bai gama biyan bashin da ya bar masa ba.

Kafin mu kai ga ɓarnar, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ke sa gwamnati ta haƙura da harajinta saboda gidan wani. A Tarayyar Turai, gine-gine ne ke lashe kusan kashi 40 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi, galibi wajen ɗumama ɗakuna a lokacin hunturu. Yawancin gidajen Italiya tsofaffi ne, an gina su tun kafin a fara damuwa da tsadar gas, ɗumin da aka saya da kuɗi yana sulalewa ta bango da taga da rufi. Gas ɗin kuwa daga waje ake shigo da mafi yawansa. Mai gida ya san gyaran zai rage masa kashe kuɗi, amma sai ya zuba maƙudan kuɗi yau, sannan ya jira shekaru kafin su dawo. Idan kuma gidan haya ne, mai gida ne zai biya kuɗin gyara, ɗan haya ya ci moriyar. Shi ya sa ake ta ɗage aikin. Rangwamen haraji hanya ce ta cewa: ka yi aikin yanzu, mu ɗauke maka wani kaso.

Italiya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A 2007 ta fara ba da rangwamen kashi 55 cikin 100 a kan irin wannan gyara, a 2013 ta ɗaga shi zuwa 65. Ana yi ana tafiya, ba a ji wata hayaniya ba. Abin da ya canza a 2020 abu biyu ne: adadin da ya zarce kuɗin aikin gaba ɗaya, da kuma faɗaɗa damar sayar da rangwamen ga wani.

Ga yadda abin ya riƙa gudana. A ɗauka wani malamin makaranta yana da gida, aka kimanta aikin gyaransa a kan Yuro 100,000: a lulluɓe bangon waje da abin da ke tare zafi da sanyi, a canza tukunyar ɗumama gida, a sa sababbin tagogi, a ɗora allunan sola a rufi. Sharaɗin doka shi ne gidan ya hau aƙalla mataki biyu a ma'aunin da ake auna shan makamashin gine-gine, kuma injiniya ya sa hannu ya shaida hakan. Gwamnati za ta rubuta wa malamin rangwamen Yuro 110,000, a cire masa daga harajinsa cikin shekara biyar, wato 22,000 kowace shekara. To amma harajin da malamin makaranta ke biya a shekara bai kai ko kusa da haka ba, ba shi kuma da 100,000 ɗin da zai fara biya. Sai doka ta ba shi mafita: ya miƙa wa ɗan kwangila takardar rangwamen a madadin kuɗi. Ɗan kwangila ya yi aikin ba tare da ya karɓi ko sisi daga hannunsa ba, ya kai takardar banki ya sayar a ɗan rage farashi. Banki kuma, da yake harajinsa mai yawa ne, sai ya riƙa cirewa daga abin da zai biya gwamnati. Wannan ƙarin kashi 10 ɗin shi ne ladan banki da sauran masu shiga tsakani.

A takarda dabarar ta yi kyau, domin ta buɗe ƙofa ga marar kuɗi a hannu. Amma a duba da kyau: a cikin wannan jerin mutane, wa ya damu da farashi? Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kurmi ko ta Kwari ya san yadda ake yi. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka ya sallama. Abin da ke sa ka taya shi ne daga aljihunka kuɗin zai fita. A ƙarƙashin Superbonus babu mai tayawa. Mai gida ba ya biya, ɗan kwangila yana son kuɗin ya yi yawa, banki ma ribarsa na ƙaruwa da girman takardar. An sanya iyakar farashi a doka, gaskiya ne, sai dai kowa ya riƙa kai lissafinsa bakin iyakar. Mario Draghi, wanda ya gaji Conte, ya faɗi hakan ƙarara a gaban Majalisar Turai a watan Mayun 2022. Ya ce kuɗin irin waɗannan ayyuka ya ninka fiye da sau uku, saboda tsarin ya kashe dalilin yin ciniki.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Kayan gini suka yi tsada, ƙarafunan da magina ke hawa su yi aiki suka yi wuyar samu, sababbin kamfanonin gini suka yi ta tsirowa dare ɗaya. 'Yan damfara suka gano cewa takardar rangwame kuɗi ce, suka riƙa ƙirƙirar ayyukan da ba a taɓa yi ba suna sayar da takardunsu. A farkon 2022 hukumomi sun ce sun bankaɗo takardun bogi na sama da Yuro biliyan 4. Adalci shi ne a faɗi cewa kaso mafi girma na wannan damfara a wani rangwame na daban aka tafka shi, na gyaran fuskar gidaje, wanda da farko ba a gindaya masa sharaɗin shaidar injiniya ba. Wannan kaɗai ya nuna amfanin tantancewa.

Babbar matsalar dai ita ce ba a sa wa tsarin rufi ba. Duk wanda ya cika sharaɗi ya samu, ko nawa ne jimillar. An ƙiyasta zai ci wajen Yuro biliyan 35, ya ƙare da cin fiye da biliyan 120. A 2023 giɓin kasafin kuɗin Italiya ya haura kashi 7 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa, mafi girma a Tarayyar Turai a shekarar. Da wannan tsabar kuɗi gine-gine kusan 500,000 aka gyara, a ƙasar da ke da gine-ginen zama kimanin miliyan 12. Cikin waɗanda suka amfana har da wasu tsofaffin fadojin sarakunan da, abin da ya zama abin ba'a a jaridu. Masu bincike na Babban Bankin Italiya sun kuma gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ayyukan da aka biya wa rangwame, masu su za su yi su ko da ba a ba su komai ba.

Gwamnatin Giorgia Meloni ce ta taka burki. A watan Fabrairun 2023 ta hana sayar da takardun rangwame a sababbin ayyuka, adadin ma aka riƙa rage shi: kashi 90 a 2023, 70 a 2024, 65 a 2025. Burkin ya zo da nasa ciwon. Tun kafin nan bankuna sun ƙoshi da takardu sun daina saye, sai ga iyalai da 'yan kwangila riƙe da takardun da babu mai so, gidaje an fasa bango an bar su rabi da rabi.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Harkar gini ta farfaɗo, mutane da yawa sun samu aiki bayan korona, gidajen da aka gyara kuwa da gaske sun rage shan gas. A ganina duk wannan bai wanke kashi 110 ba, domin da rabin kuɗin aka raba wa gidaje masu yawa, da an fi cin riba. Amurka ta bi wata hanyar a dokar da ta yi a 2022: mai gida ya riƙa samun kashi 30 cikin 100 na kuɗin gyara, ba tare da ya wuce Dala 1,200 a shekara ba a yawancin ayyuka. Wanda zai biya kashi 70 da guminsa zai taya. Illarta ita ce wanda ba ya biyan haraji mai yawa bai samu komai ba, sannan majalisar Amurka ta soke rangwamen a 2025.

Mu a nan Nijeriya abin da ke damunmu zafi ne, ba sanyi ba, amma lissafin ɗaya ne. Gidan bulo mai rufin kwano ba sili, tagoginsa na kallon yamma, yana ɗaukar zafin rana ya riƙe har tsakar dare, mai shi ya ƙare a kuɗin fanka da man janareta. Tun da aka kai kuɗin wuta Naira 225 kowane yunit ga masu amfani da wuta na rukunin A a watan Afrilun 2024, maganar ta daina zama ta masu kuɗi kaɗai. Nijeriya na da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi tun 2017, sai dai jihohi ne ke amincewa da zanen gini, kuma magina kaɗan ne suka taɓa jin labarinta.

Idan wata jiha ta tashi ba da rangwame, ba ta harajin albashi za ta bi ba, tunda yawancin masu gini a garuruwanmu ba ta nan suke haɗuwa da gwamnati ba. Inda suke haɗuwa shi ne kuɗin amincewa da zane, kuɗin takardar mallaka, da kuɗin ƙasa na shekara. A nan za a iya sassauta wa wanda ya sa sili mai tare zafi, ya yi wa tagoginsa inuwa, ya bar hanyar iska. Kirana ga 'yan majalisun jihohi shi ne, duk wanda zai kawo irin wannan ƙuduri ya rubuta iyakar abin da za a kashe a shekara, ya bar wa mai gida kaso mai tsoka da zai biya da kansa, kuma kada a yafe ko kwabo sai jami'i ya je ya ga aikin da idonsa.