Babi na Bakwai: Finafinan Turanci da Suka Yi Tasiri

Tun 1952 mujallar Sight and Sound ta Ingila take tara masana fim duk bayan shekara 10, su zaɓi gwanin gwanaye. Daga 1962 zuwa 2002 fim ɗaya ne ya riƙe kambun, wato Citizen Kane na 1941, wanda Orson Welles ya ɗauka yana ɗan shekara 25. Labarin wani attajiri ne mai gidajen jaridu. Bayan mutuwarsa ake bin waɗanda suka zauna da shi, kowa yana ba da nasa ɓangaren, mai kallo yana harhaɗawa. Masana sun fi yaba aikin kyamararsa, domin na kusa da na can nesa duk suna fitowa tar a hoto ɗaya. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi.

Amma shiga kasuwar Suleja, wurin masu tura fim a waya, ka nemi Citizen Kane. Da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan. Ka ce Rambo ko Kwamanda, har mai shayin gefe zai sa baki. Finafinan Turanci sun iso mu ta tasu hanyar: majigin Turawan mulki, sai silima irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, inda kaboyi suka yi tashe kafin na Indiya su danne su, sai zamanin kaset da gidan kallo. Titanic na 1997 ya shiga ran mutane har aka yi masa kwafin Hausa a 2003, mai suna Masoyiyata.

A ganina, fim ɗin Turancin da ya fi kowanne ratsa zuciyar Bahaushe shi ne The Message na 1976, kuma jerin masana bai cika tunawa da shi ba. Mustafa Akkad, haifaffen Halab ta Siriya, shi ya shirya shi a Maroko da Libiya, ya ɗauke shi sau biyu, da Turanci da Larabci, kowanne da nasa 'yan wasa. Matsalar da ya fuskanta babba ce: yaya za a ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da an nuna Manzon Allah (SAW) ko an ji muryarsa ba? Sai ya sa sahabbai su fuskanci kyamara idan suna yi masa magana, su yi shiru, sannan su amsa. Raƙumarsa ake gani da sandarsa. Sayyidina Ali ma takobinsa kawai ake nunawa. Wannan ladabi ne da gwaninta a haɗe, kuma ya cancanci a koyar da shi kamar yadda ake koyar da dabarun Welles.

Wanda ya kalla ba zai manta da Bilal ba, kwance a rana an ɗora masa dutse a ƙirji, ko Ja'afar yana kāre Musulmi a gaban Najjashi. Johnny Sekka, haifaffen Dakar, shi ya fito a Bilal, Anthony Quinn kuma a Sayyidina Hamza.

Quinn ɗin ne ya sake fitowa a Lion of the Desert, shi ma na Akkad, a matsayin Umar Mukhtar, malamin allo da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Gwamnatin Italiya ta hana nuna shi a 1982, kuma sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar.