Kafin a kwaso iyali zuwa Ƙonni

Masu cin kasuwar Illela ran Lahadi da dama suna shawarar kwaso iyali Birnin Ƙonni, tun da tafiyar kabu-kabu ce tsakani, ga kuma kasuwar Laraba a gida. Lissafin ya yi, amma ba mu manta da 2019 da 2023 ba, sa'ad da aka rufe iyaka, ciniki ya tsaya, haya kuwa ba ta tsaya ba. Mai jarin naira ya sani sefa zai biya, canji kan cinye riba. Sai yara: wanda ya fara boko da Ingilishi, Faransanci zai tarar a lakwal. Mu dai muna ganin a tashi cikin hutun damina, kafin komawa aji a Oktoba, takardun haihuwa a hannu.