Kallon Gasar Kofin Ƙalubale a Talbijin da Bunƙasar Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Harshe yana samun sababbin kalmomi a duk inda masu shi suka taru a kan wani sabon abu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne gaban akwatin talbijin a ranar wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale. An ɗauki unguwar Goron Dutse ta cikin birnin Kano a matsayin misali domin bayyana yadda kallon wannan gasa ya wadata Hausa da kalmomi.

2.0 Tarihin Gasar

An fara gasar a Legas a shekarar 1945 da sunan Kofin Gwamna, kuma Gwamna Arthur Richards ne ya ba da kofin. Daga baya aka san ta da Kofin Ƙalubale, sannan a 2017 ta ɗauki sunan kamfanin Aiteo na wasu shekaru. Tsarinta ya bambanta da na gasar lig, inda ake tara maki. A nan duk ƙungiyar da aka doke ta fita ke nan, shi ya sa Hausawa suke kiran tsarin sili-ɗaya-ƙwale.

Kano ta ci kofin a 1953. A 2018 ƙungiyar Kano Pillars ta kai wasan ƙarshe a Asaba, ta fara cin Enugu Rangers uku da nema, amma aka farke su duka, aka kuma doke ta a bugun fenariti. A 2019 Sai Masu Gida suka huce haushi a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda suka ci Niger Tornadoes 4 da 3 a bugun fenariti.

3.0 Kallo a Tashoshin Kyauta

Tashar kyauta ita ce wadda ake kamawa da eriya ba tare da biyan kuɗin wata ba. Talbijin ta fara aiki a Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta samar da CTV a Kano, wadda a yau ake kira ARTV.

A shekarun 1970 da 1980 ba kowane gida ne yake da akwatin talbijin a Goron Dutse ba. Don haka ranar babban wasa mai akwati yakan fito da shi zaure ko ƙofar gida, yara su zauna a tabarma, manya a benci. Sharhin yakan zo da Ingilishi, alhali da yawa daga masu kallo ba sa jin sa. Sai ɗan makaranta ya riƙa fassarawa, sauran suna gardama a kan abin da idonsu ya gani. Da wannan musayar, da kuma sharhin Hausa na gidajen rediyo, kalmomin wasan suka zauna a bakin jama'a.

4.0 Hanyoyin Samar da Kalmomin

Hanya ta farko ita ce aro. An ɗauko kalmar Ingilishi an daidaita ta da tsarin gaɓar Hausa, kamar gola da rafali da fenariti da kwana.

Ta biyu ita ce fassara kai tsaye, kamar jan kati da bugun kusurwa da hutun rabin lokaci.

Ta uku ita ce faɗaɗa ma'ana. Raga ta masunci ce, alƙali na kotu ne, amma duka sun shiga fili. Haka fi'ilin ci, wanda yake nufin zura ƙwallo, yake kuma nufin samun nasara. An ɗauki ɓangaren kowace ƙungiya a matsayin gida, daga nan aka sami mai tsaron gida da satar gida.

Ta huɗu ita ce ƙirƙira da siffantawa. Misali, bugun daga kai sai mai tsaron gida ya bayyana dokar bugun gaba ɗaya. Kunnen doki kuwa kwatance ne da kunnuwa biyu masu tsawo ɗaya, wato an tashi babu wanda ya fi wani.

5.0 Halin da Ake Ciki

Tun daga shekarun 1990, tashoshin tauraron ɗan'adam na biyan kuɗi irin su DStv suka yaɗu, gidajen kallo suka cika unguwanni. Hankalin matasa ya koma ga wasannin Ingila da Sifaniya. Sakamakon haka gasar gida ta rage armashi, kuma yaro yakan fi saurin furta kalmar Ingilishi ko da akwai ta Hausa. Kalmar da aka daina faɗa kuwa ba ta daɗewa take ɓacewa.

6.0 Kammalawa

Ya kamata malami mai koyon aiki ya ɗauki kalmomin ƙwallo a matsayin kayan koyar da ginin kalma da ilimin ma'ana, domin ɗalibai sun riga sun san su, suna kuma sha'awarsu. Zai iya tura su wurin dattawan unguwa su tattaro kalmomin da ake amfani da su a da, su kwatanta da na gidajen kallo na yau, sannan su rarraba su bisa hanyoyi huɗun da aka bayyana a sama.