Kujera ta tafi, bashi yana nan

A Abuja, hadimin minista kan sayi mota da rance, yana dogaro da albashin da zai yanke ranar da maigidansa ya sauka. Bashin kuwa yana nan. Dokar jinginar kadarori ta 2017 ta ba mai ba da rance damar yi wa motar rajista a matsayin jingina, ya karɓe ta idan biya ya tsaya. Tun Agustan 2020 kuma, banki na iya cirar kuɗinsa daga sauran asusun da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya sa hannu. Bayan mota, gidan da aka jinginar da takardarsa ake dosa. Wanda ya nemi banki a sake tsara biya tun kafin wasiƙar gargaɗi ta iso ya fi samun sassauci.