Daga Sukuwar Doki Zuwa Hoton Asibiti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal a Maiduguri ranar hawan Sallah, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje zuwa ƙofar fadar Shehun Borno, zai iya rantsuwa ya san yadda doki ke sukuwa. To, tambaye shi: akwai lokacin da ƙafafun nan huɗu duk suke barin ƙasa? In akwai, a miƙe suke ko a naɗe? Sai ya kama sosa ƙeya. Abin ya fi ƙarfin ido.

Masu zane na Turai sun daɗe suna zana doki a guje da ƙafafun gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya, kamar fatar da aka shanya. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Kalifoniya ta Amurka, kowace ta ɗauki nata yayin da doki ke wucewa. Da aka jera hotunan sai ga shi lallai ƙafafu huɗun na barin ƙasa, amma a daidai lokacin da suke tattare a ƙarƙashin ciki. Ashe zato masu zanen ke zanawa.

Daga nan aka juya dabarar. Tunda hoto ya tsayar da motsi, jerin hotuna za su iya dawo da shi. Fim ke nan: hotuna 24 ne a tsaye cak ake haskawa cikin daƙiƙa guda, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ce maka ga mutum yana tafiya. Ranar 28 ga Disamba 1895 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa masu biyan kuɗi fim a birnin Paris. Kwana shida kafin nan, a Würzburg ta Jamus, Wilhelm Röntgen ya ɗauki hoton hannun matarsa da wani haske mai ratsa nama da ya gano a watan Nuwamba, ƙasusuwa suka fito ɓaro-ɓaro har da zoben da ke yatsanta. Sinima da hoton asibiti kusan tagwaye ne.

A ƙasarmu ma fim ya daɗe yana tafiya da kiwon lafiya. Da yawa daga kakanninmu a majigi suka fara ganin hoto mai motsi: mota ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, mai bayani na ta faɗakarwa kan tsafta da noma. William Sellers, jami'in lafiya a Legas wanda ya yi amfani da fim wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, shi aka bai wa jagorancin sashen fina-finan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Ra'ayinsa shi ne a yi wa baƙar fata fim a hankali, ba dabaru, don wai ba zai gane ba. Raini ne tsantsa. Jikokin waɗannan 'yan kallo su ne suka ɗauki littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka mayar da shi fim a 1976, ƙarƙashin jagorancin Adamu Halilu, tun kafin a ji sunan Kannywood.

Fim dai mun iya kallonsa. Inda muke da sauran gyara shi ne hoton asibiti.

"Likita, a yi mini hoto mana." Wannan roƙo ya zama ruwan dare. Wani in an duba shi an rubuta magani ba a tura shi hoto ba, sai ya fito yana ƙorafin ba a yi masa aiki ba. Wani kuma ba ya ma bi ta wajen likita, kai tsaye zai nufi shagon sikanin. Alhali hoto tambaya guda yake amsawa, wadda likita ya yi masa, kuma kowane iri da abin da ya iya gani.

Sikanin da ake wa masu juna biyu da sauti yake aiki, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu: na'ura ta tura sauti, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kwamfuta ta zana shi. Wani likitan mata a Glasgow, Ian Donald, shi ya fito da amfaninsa a 1958. Sikanin ba shi da hasken nan mai ratsa jiki, kuma fim ne na gaske, domin ana ganin zuciyar ɗan tayi na bugawa sau 110 zuwa 160 a minti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24, don a san watannin cikin, a gane ko tagwaye ne, a hango matsala tun da wuri. Yakan kuma nuna inda mabiyiya ta zauna, wanda in ta tare bakin mahaifa zubar jini kan iya hallaka uwa. Amma me muka fi tambaya? "Mace ce ko namiji?" Nan ne kuwa na'urar ta fi saurin kunyata mai sayen kayan jarirai.

Hoton ƙashi da na ƙirji, wato eksire, shi ne gadon Röntgen. Mai karaya ya yi shi kafin a taɓa ƙafar, ko da wajen mai ɗori ya yi niyyar zuwa. Mai tarin da ya wuce mako biyu kuwa, hoto na iya nuna inuwa a huhu, amma gwajin kaki ne ke tabbatar da tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Hasken eksire guda kaɗan ne, sai dai siti sikan guda na ciki, wanda shi ma da wannan hasken yake aiki, kan kai na hoton ƙirji gommai, har fiye. Shi ya sa ba a maimaita shi don kawai hankali ya kwanta. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta kwanta a gadon na'ura. Kunya ba ta da wuri a nan.

Akwai gargaɗin da ya fi dacewa da Maiduguri fiye da ko'ina. Na'urar MRI maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Tun daga 2009 mutane da yawa a garin nan ke yawo da ɓarɓashin bam ko harsashi a jikinsu, wasu har sun manta. Maganaɗisun na iya motsa irin wannan ƙarfe ko ya zafafa shi. Haka mai walda da tartsatsin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, da wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya. Ko ba a tambaye ka ba, ka faɗa.

Sannan hoto sai da mai karatu. Sau nawa muka ga dangi sun ɗaga shi ga hasken taga, wani ya nuna farin dunƙule a gefen hagu ya ce ga ciwon nan, alhali zuciya ce zaune a mazauninta? Karanta inuwa fanni ne da likita ke ƙara shekaru yana koyo bayan digirinsa. Farfesa Ahmed Ahidjo, wanda ke shugabantar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri lokacin ambaliyar 2024, wannan ne fanninsa. Don haka kada ka bar wurin hoto ba tare da takardar bayanin da likitan hoto ya sa wa hannu ba.

Ambaliyar nan ta 10 ga Satumba, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta shiga asibitin har ta taɓa manyan na'urori, ta kuma jiƙe takardun da mutane ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Wanda nasa suka tsira ya ɗauke su da waya, ya tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, ya kuma riƙa zuwa asibiti da tsofaffin. Hoto guda ba ya nuna ko ƙari na girma ko yana nan yadda yake. Sai likita ya ɗora na bara kusa da na bana, ya auna, kamar yadda Muybridge ya jera hotunan dokinsa.