Kafin Ka Ajiye Aiki, Ɗanɗana Sana'ar Da Kake Hange

Wata ranar Alhamis bayan sallar isha'i muna zaune a kan benci a ƙofar gida, wani maƙwabcina ya daɗe yana juya makullin babur a hannu bai ce uffan ba. Can sai ya nisa ya ce, "Malam, ni fa na gaji. Shekara 14 ina zuwa ofis ɗin nan, in sa hannu da safe, in sa hannu da yamma. In ka tambaye ni me na yi jiya, wallahi ba zan iya gaya maka ba." Na ce masa, "To Yallaɓai, me kake so ka koma yi?" Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce, "Ai da na sani da ba ka gan ni a nan ba."

Ba shi kaɗai ne mai wannan damuwa ba. Akwai matashin da ya gama bautar ƙasa, alawus ya tsaya, kwalin digiri yana cikin akwati, kullum yana majalisa ana musun ƙwallo. Akwai ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana aiki ko ya kai shekara 60 da haihuwa, aka ba shi takardar ritaya alhali da sauran ƙarfinsa, gari ya waye ba inda za shi. Akwai uwar da ta yaye auta, yara duk sun shiga makaranta, ta dubi gidan ta ga lokaci yana wucewa a banza. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wani rukunin ya ƙaru: masu aikin da suke so, amma albashin ba ya kai su tsakiyar wata, ko da yake an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024. Dukkansu tambayarsu ɗaya ce: me ya kamata in yi da sauran rayuwata?

Musulmi ba ya ruɗewa a kan dalilin zuwansa duniya, ya san bauta ce. Abin da yake ɗaure wa mutane kai shi ne ta wace ƙofa za su ci halal, su amfani jama'a, su kuma kwanta da daddare zuciya a sake. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Austriya, Viktor Frankl, wanda ya yi zaman sansanonin 'yan Nazi daga 1942 zuwa 1945, ya fito ya rubuta littafi a 1946 a kan abin da yake riƙe mutum a cikin ƙunci. A ganinsa mutum yana samun ma'anar rayuwa ta hanya uku: aikin da ya yi da hannunsa, mutanen da yake ƙauna, da irin tsayuwar da ya yi a gaban wahalar da ba shi da ikon kauce mata. Duk ukun a waje suke, tsakanin mutum da aiki da jama'a. Wanda ya rufe ɗaki yana jiran wata rana ya farka da amsa a ƙirji zai daɗe yana jira. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wata malamar jami'a mai suna Herminia Ibarra ta bi diddigin mutum 39 da suka sauya layin aiki suna tsakiyar shekarunsu, ta fitar da sakamakon a littafi a 2003. Abin da ta gani ya saɓa wa shawarar da aka saba bayarwa, wato ka zauna ka gane kanka tukuna sannan ka motsa. Mutanen da ta bincika motsawa suka fara yi. Sun riƙa gwada ƙananan ayyuka a gefe, suna shiga cikin mutanen da ba su saba da su ba, daga baya ne suka gane inda hankalinsu ya kwanta. Bahaushe ya riga ya faɗa a gajarce: sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tarihinmu ma ya nuna haka. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne, ya fito daga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1932 yana koyarwa a makarantar Midil. Da aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, bai ajiye alli ba. Ya rubuta Ruwan Bagaja yana bakin aikinsa. Rubutun ne ya sa Dokta Rupert East, wanda ya shirya gasar, ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma koma aji. Sai a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shekara shida ke nan tsakanin gwajin farko da sauya aiki ɗungurungum. Haka Alhassan Ɗantata: da fataucin goro zuwa Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe, ya juya akalarsa can, har ya zama wakilin saye na kamfanin Neja a 1918. Hajar ce ta sauya. Sanin hanya, sanin mutane da riƙon amana, da su ya zo daga goro, da su kuma ya ci kasuwar gyaɗa.

Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya ƙirga abin da yake hannunsa. Yawancinmu in aka ce me ka iya, sai mu ambaci sunan kwas ɗin da muka karanta ko muƙamin da muke kai. Ɗauki biro da takarda ka amsa wasu tambayoyin daban. Wace matsala ce mutane suke kawo maka ba tare da ka yi talla ba? Kai ne ake kira in fanka ta ƙi juyawa, ko in za a rubuta takardar koke, ko in 'yan'uwa biyu sun saɓa a kan gado? Ke ce ake roƙo ki tsara girkin biki, ko ki raka amarya Kantin Kwari saboda kin san atamfa kuma kin iya ciniki? Wane aiki ne in ka kama shi ba ka jin wucewar lokaci har a kira sallah? Wanne ne kuma ko da kuɗi kake jan ƙafa? Bayan nan ka tambayi mutum uku da suka san ka da kyau kuma ba sa jin nauyin gaya maka gaskiya. Sau da yawa baiwar da mutum ya raina, don ta zo masa da sauƙi, ita ce wasu suke biyan kuɗi a yi musu.

Mataki na biyu shi ne ka je inda ake yin abin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga nesa gyaran waya sana'a ce mai tsafta da kuɗi a hannu. Shiga kasuwar Farm Centre a Kano ka zauna kusa da mai gyara na yini ɗaya. Teburinsa bai fi faɗin faifai biyu ba, ga fitila a goshi, ga ƙaurin dalma, ga ƙusoshin da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Zai yi awa guda a sunkuye a kan waya ɗaya, mai ita na tsaye a kansa yana rantsuwa cewa lafiya lau ya kawo ta. In gilashi ya fashe a hannunsa, daga aljihunsa zai biya. Wani in ya ga haka sai ya ji ya ƙagu a ba shi kujerar, wani kuwa kafin la'asar kansa ya ɗau ciwo. Duka biyun sun ci riba, don sun san matsayinsu ba su kashe ko sisi ba. Haka za a yi wa kiwon kaji, ɗinki, walda a Panteka ta Kaduna, ko cinikin hatsi a Dawanau. Ka tambayi mai sana'ar abu uku: wane wata ne kasuwa take mutuwa, ta ina aka fi yin asara, kuma shekara nawa ya yi kafin sana'ar ta fara ciyar da gidansa.

A nan ne girman kai yake kayar da masu takardu. Mai digiri yana jin nauyin a kira shi yaron shago, tsohon darakta ba ya son ɗan cikinsa ya aike shi ya ɗauko sifana. Alhali tsarin ubangida da yaro shi ne babbar makarantar sana'a a ƙasar Hausa, kuma shi ya yaye da yawa daga cikin attajiran da muke gani a kasuwanni. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya isa Madina ba shi da komai. Da ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya fara da cuku da man shanu. Gemu ba ya hana ilimi. Ga wanda kuma yake son horo mai takarda, akwai Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, akwai asusun ITF mai hedikwata a Jos, da aka kafa a 1971, akwai SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu. Masu bautar ƙasa suna da shirin koyon sana'a na SAED tun 2012, wanda da yawa suke ɗauka lokacin barci ne a sansani. Mai aiki da yake son sabon fanni na karatu yana iya shiga jami'ar NOUN ba tare da ya bar ofis ba.

Mataki na uku, ka faɗaɗa gaisuwa. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya binciki yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston suka sami ayyukansu, ya wallafa bayaninsa a 1973 da 1974. Ya gano cewa waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, yawanci ba aminansu na kullum ne suka ba su labari ba, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. 'Yan majalisarku abin da ka sani shi suka sani. Sabon labari yana wajen abokin firamare da kuka haɗu a ɗaurin aure, ko wanda kuke sahu ɗaya ranar Juma'a, ko ƙawar da kuke adashi tare. Ka gaya musu abin da kake nema dalla-dalla. "A taimaka mini da aiki" ba ya kai mutum ko'ina. "Ina neman wanda zan riƙa bi aikin sola ranar Asabar" magana ce da mai ji zai iya yin wani abu a kai.

Sai batun kuɗi, inda akasari ake yin kuka. Mai iyali ba ya sakin reshe ya kama ganye. Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka lissafa abin da gidanka yake ci a wata, da kuɗin haya da na makaranta da na magani, ka ga wata nawa za ka iya ɗauka ba shigar ko kwabo. In bai kai wata shida ba, da saura. Kada mai ritaya ya zuba garatutinsa kaf a sana'ar da bai taɓa kwana a cikinta ba, don mun sha ganin wanda ya cika keji da kaji dubu, cuta ta shiga ta share su cikin mako guda. Fara da hamsin ka koyi rigakafi da lissafin abinci. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata huɗu bai sami wani ba, amma ya tuna guzurin tsufansa yake taɓawa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya sani cewa kundin tsarin mulki ya hana shi gudanar da kasuwanci na kansa yana bakin aiki, in ban da noma. Koyo a ranar hutu daban, buɗe kamfani daban. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ninka maka a wata ba tare da ka ga haja ba, ka riƙe aljihunka.

Akwai kuma abin da yake riƙe mutane ba kuɗi ba: "me za a ce?" da kuma "shekarun da na kashe fa?" Shekarun sun riga sun tafi, ko ka zauna ko ka tashi ba za su dawo ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne masu zuwa. Masu magana kuwa, in sun yi mako biyu za su sami wani su koma kansa. Waɗanda ya wajaba a saurara su ne iyaye da abokin zama, domin su ne za su ɗanɗani ƙuncin shekarar farko tare da kai. A yi shawara da su tun da wuri, a yi istihara, sannan a ɗaura niyya. Wani lokacin ma bincike zai nuna maka cewa ba sana'ar ce ta gundure ka ba, wurin ne ko shugaban, sauyin sashe kawai ya wadatar.

Maƙwabcin nan nawa ya bi wani mai haɗa sola Asabar takwas a jere. Ranar farko tsani ya riƙe, ya dawo da ƙuna a tafin hannu saboda zafin kwano. A mako na uku ya tabbatar hawa rufi ba nasa ba ne, jiri yake ji. Amma ya lura ubangidan nasa yana asarar ciniki saboda ba ya iya zama ya yi wa mai gida lissafin fanka nawa, firji nawa, batir nawa za su ɗauka, ya rubuta a takarda mai tsabta. Shi kuwa shekara 14 yana rubutu da lissafi a ofis. Yanzu ya san gurbinsa, yana koyon sauran aikin a hankali yana tara jari, kuma ya sa wa kansa lokacin da zai ajiye aikin ofis. Ranar da na tambaye shi ko gajiyar ta tafi, sai ya ce, "Malam, gajiya tana nan, amma yanzu na san ta mece ce."

Mai karatu, in kana cikin irin wannan hali, kada ka jira sai ka ga ƙarshen hanya. Zaɓi sana'a ɗaya da ta daɗe tana yi maka yawo a rai, nemi mai yin ta, ka roƙe shi ya bar ka ka yini a wajensa ranar Asabar mai zuwa. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, Ya sa albarka a abin da za mu kama.