Kuɗin Kara Ya Koma Kara: Darasi Daga Gogunu

Duk garin da muka sauke shanu, kuka ɗaya ake ji: ana karɓar kuɗin kai ga kowace dabba, amma kara ba shinge, ba ruwa, ba wurin lodi. Shin haka abin yake ko'ina? A'a. Bari mu leƙa Gogunu, wani gari a arewacin ƙasar Benin, kan hanyar Paraku zuwa Kandi, mu ga yadda suka yi.

A da, mai saniya a Gogunu ba ya ganin mai saye. Dillali ne ke shiga tsakani, ya faɗa wa wannan farashi, ya faɗa wa wancan wani. Tun cikin shekarun 1970 makiyaya suka ce ba su yarda ba. Ba a kori dillalai ba, an dai sake musu aiki: suka zama shaidu. Mai kaya da mai saye su yi ciniki baki da baki, shaida ya tabbatar, magatakarda ya yanka tikiti. A 1995 suka kafa ƙungiyar da ke riƙe da kasuwar.

To, ina ribar gari? Kowace dabba da aka sayar tana da kuɗinta sananne, an rubuta a littafi. Daga ciki ake biyan shaidu da ma'aikata, a gyara kasuwa, a taimaka wa ayyukan jama'a. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2002, ofishin magajin gari ma ya samu kasonsa. Tikitin nan kuwa hujja ne a hannun falke, idan an tare shi a hanya ana zargin dabbar sata ce.

Abin lura shi ne, kara ba ta mu kaɗai ba ce. Mahauta, 'yan lodi, direbobi, masu sayar da dusa da harawa, da matan da ke dafa abinci, duk nan suke ci. Ranar da fatake suka ƙaurace wa kasuwa, unguwa ce gaba ɗaya ke kwana da yunwa. Magajin garin da ya gane haka ba zai ɗauki kara saniyar tatsa kawai ba.

Saboda haka idan shugabanninmu sun zauna da hukumar gari, abu uku za su nema:

1. A kafe farashin kuɗin kai a ƙofar kara, kuma kada a karɓi ko dala babu tikiti.
2. A rubuta yarjejeniya, a faɗi kason da zai dawo don ruwa, shinge da wurin lodi.
3. A karanta lissafi gaban jama'a kowace shekara, da wakilan fatake, dillalai, makiyaya da masu unguwa.

Mu ma da namu nauyin. Wanda ya zagaya bayan kara ya yi ciniki don gudun tikiti, ba shi da bakin tambayar ina kuɗi suka shiga. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.